Yadda zaka je Zanzibar ka sha kallo ba tare da ka yi wa tsibirin ɓarna ba

Tunda na dawo daga Zanzibar, tsibiran nan na ƙasar Tanzaniya, mutane ke ta tambayata nawa ka kashe, wane otal ka sauka, ya aka yi ka samu biza, amma har yau ba wanda ya tambaye ni me bai kamata mutum ya yi ba idan ya je, alhali ni a nan na fi tafka kuskure. Mu mutanen tudu ne, da yawanmu ruwan da muka sani bai wuce dam ɗin Tiga ko kududdufin bayan gari ba, to ranar da Allah ya kai ka bakin teku ka ga ruwa garau har kana hango yashin ƙasansa, wallahi hannunka har ƙaiƙayi yake, duk abin da ka gani so kake ka ɗaga ka juya ka ɗau hoto da shi. Ga kuma al'adarmu ta tsaraba, ba a dawowa hannu rabbana. Waɗannan biyun, hoto da tsaraba, su ne suka fi sa baƙo ɓarna bai ma san yana yi ba.

Bari mu gama da maganar takardu da wuri. In fasfon Najeriya gare ka kada wani ejan ya ruɗe ka wai a filin jirgi za a buga maka biza, muna cikin ƙasashen da sai an nema tun daga gida ta intanet an jira amincewa, kuma tana iya cin makonni, don haka biza tukuna sannan tikiti. Katin allurar shawara ka sa shi cikin fasfo don za a tambaya. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata inshora ta dala 44, ko kana da taka sai ka yi tasu. Jirgi galibi ta Addis Ababa ko Nairobi ake bi, in kuma Darussalam ka sauka akwai jirgin ruwa mai gudu da ke tsallakawa cikin kamar awa biyu. Sai leda. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 1 ga Yunin 2019, Zanzibar ma ta riga ta shekaru da yawa, saboda haka wannan ɗabi'ar tamu ta naɗe takalmi da sabulu da komai a baƙar leda a cusa a akwati a bar ta a gida, a nemi jakar yadi. Ka tafi da gorar ruwa da zaka dinga cikawa. Tsibiri ne, robar da ka yar ba ta da wurin zuwa, ko a ƙone ta ko ta faɗa teku.

Lokacin zuwa, daga Maris zuwa Mayu daminarsu ce babba, masika suke ce mata, otal na araha amma ruwan sama zai iya zaunar da kai a ɗaki. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi, ba zafi sosai, akwai iskar kudu da suke kira kusi. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da cunkoson Turawa masu gudun hunturu.

Masauki kuma, kafin ka biya ka ɗan tsaya. Mutanen Zanzibar gaba ɗaya kusan miliyan 1.9 ne a ƙidayar 2022, baƙin da suka shiga a 2024 sun haura dubu 700, kuma yawancinsu a bakin ruwan arewa da gabashin Unguja, wato babban tsibirin, suke tarewa, inda ƙasar dutse ce mai ramuka ramuka, ruwan sha ɗan kaɗan ne a ƙarƙashi yana zaune a saman ruwan gishiri. In manyan otal suka zuƙa da yawa don cika wurin ninƙaya da ban ruwan fulawa, ruwan gishirin sai ya hauro, rijiyar ƙauye ta koma ba ta shayuwa. Kaga kai kana wanka sau uku a rana, bayan katanga wata baiwar Allah na tafe da jarka. Ni shawarata ka nemi ƙaramin masauki na ƴan gari, ka tura musu saƙo ka tambaya waye mai wurin, ma'aikatan ƴan ina ne, ina suke kai shara. Mai gaskiya zai amsa maka da murna, wanda ya fara kame kame ka gane. Tawul kuma ba sai an wanke kullum ba, a gida ma ba haka muke yi ba. Irin otal ɗin nan da ake biyan komai a dunƙule, ci da sha da yawo, kuɗinka ba ya tsallake get, gwara ka fito ka ci a gari.

To, dajin Jozani. Shi ne kaɗai gandun daji na ƙasa a Zanzibar, an ba shi wannan matsayin a 2004, faɗinsa kamar murabba'in kilomita 50, kuma dalilin zuwan kowa shi ne jan birin nan da asalinsa a duniya nan Unguja ne, duka duka ba su kai dubu 6 ba a ƙidayar da aka yi musu. Bayansa ja, fuska baƙa, ga farin gashi a tsaitsaye a ka kamar tsohon da ya tashi daga barci bai sa hula ba, kuma in ka lura da hannunsa yatsu huɗu zaka gani, babban yatsan kusan babu. Mutanen wurin kima punju suke kiransa, wato biri mai guba, don da can manoma gani suke duk bishiyar da ya sauka a kai ta mutu. Abin da ya fi bani mamaki gawayi yake ci. Ganyen mangwaro da na bishiyar nan da muke ce wa furut suna da wani sinadari mai wahalar da ciki, sai birin ya je inda aka ƙona itace ya ɗau gawayi ya gwaigwaya, gawayin ya tsotse dafin. Wa ya koya masa, Allah kenan.

Ka je da sassafe kafin motocin otal su cika wurin. Ka biya a ƙofa a ba ka rasit da ɗan jagora, kada ka bi yaron da zai tare ka a titi ya ce zai nuna maka biri a rabin kuɗi, don wani kaso na kuɗin ƙofar nan ƙauyukan da ke kewaye ake ba wa, shi ya sa manomin da biri ya ɓata wa gona yake haƙuri. Doka ita ce ka bar tazarar mita uku tsakaninka da su. Birran sun saba da mutane, wani zai zo ya zauna a reshe dab da kanka yana cin ganye ko kallo baka ishe shi ba, to kai ne zaka ja baya. Kada ka miƙa ayaba ko biskit, cikinsa na narkar da ganye ne, ko nunannen ɗan itace ba ya jurewa balle kayan zaƙi. In kana mura ka haƙura da zuwa ranar, ciwonmu na kama su. Direbanka kuma in ya zo daidai dajin ka ce ya rage gudu, tudun rage gudun da aka yi a titin saboda birran aka yi, mota ta kashe da yawa suna tsallakawa. Kafin ka bar wurin ka ce a kai ka gadar katakon da ta ratsa cikin mikoko, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo gizo. Mutane na tsallake wannan wai ba abin gani, alhali nan ne ƙananan kifi da ƙaguwa ke girma kafin su fita teku, su ne kuma ke riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta.

Yanzu ga inda na ji kunya. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa sau biyu a rana, ta yi nisa har sai ka yi tafiya mai tsawo kafin ka tarar da ita, ta bar fili fetal da ƴan tafkuna. Ranar farko muna tafe ni da uwargida sai ga tauraron teku, ja da toka toka, girman faranti, kwance cikin ruwa iya idon sawu. Ban yi wata wata ba na ɗago shi, na ɗaga sama ta ɗauke ni hoto, ita ma ta karɓa na ɗauke ta, muka yi ta juya shi muna kallon ƙananan ƙafafunsa na motsi. Wata dattijuwa da ke aiki kusa da mu ta ɗago ta yi magana da Suwahili tana nuna ruwa da hannu, ban ji me ta ce ba amma na gane faɗa ne. Daga baya mai masaukinmu ya yi min bayani, halittar nan ta jikinta take numfashi a cikin ruwa, fito da ita kamar a danna kanka ne cikin bokiti, kuma ba ni kaɗai bane, wannan ya ɗaga ya ajiye wancan ya ɗaga, kafin yamma ta mutu. Hoton na nan a wayata har yau ban iya sa shi a ko'ina ba. In ka gani ka tsuguna ka ɗauke shi hoto a inda yake, ruwan garau ne zai fito. In mai kwale-kwale ya nutsa ya ɗebo maka don ya burge ka, ka ce hapana asante, wato a'a na gode, suna yi ne don sun ga baƙi na so.

Ita dattijuwar ashe gonarta take dubawa. Waɗannan turakun da igiyoyi da zaka gani jere cikin ruwa gonakin ciyawar teku ne, mwani, tun 1989 ake nomanta a can kuma mata ne yawancin masu yi, su shanya a sayar waje, wasu kuma su yi sabulu da man shafawa. Kada ka ratsa ta ciki, ka zagaya kamar yadda zaka zagaye gonar mutum a gida, kuma kada ka ɗora wa matar mutane kyamara ba ka yi sallama ka nemi izini ba, musulmai ne irinmu, assalamu alaikum ɗinka ta isa ta buɗe hira. Ka sa takalmin roba don akwai bushiyar teku mai baƙar ƙaya, in ta soke ka kada ka tona da allura karyewa take, ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi sosai, in ta shiga da zurfi ka je asibiti. Sannan ka duba lokacin dawowar ruwa a waya ko ka tambayi ƴan gari kafin ka yi nisa, dawowarsa ta fi yadda kake zato sauri, mu kuma ba iya ruwa muka yi ba.

Maganar rashin iya ruwa ita ta kawo mu kan murjani. Mu a wuyan mata muka san shi, to a can zaka gan shi da ransa, don dabba ce ba dutse ba, ƙananan halittu ne birjik suke gina gidan, wasu irin a shekara guda da ƙyar su ƙaru da santimita ɗaya. Wanda bai iya ruwa ba da ya tsorata abin da zai fara nema shi ne wurin taka ƙafa, sai ya dira kan murjani ya karya ginin shekara da shekaru, shi ma ya yanke. Don haka ka sa rigar nan mai hana nutsewa ko ana maka dariya, ka kwanta a saman ruwa ka bar ƙafa a miƙe, ka fara gwada gilashin da bututun numfashin a wuri mai yashi. Ka kuma kalli inda mai jirgi ke jefa ƙarfen tsayar da jirgi, in kan murjani ne ka yi magana, kai ka biya. Murjanin dama a wahale yake, zafin teku na 1998 da 2016 ya sa da yawa ya yi fari ya mutu.

In da hali, wuri ɗaya da zan ce ka kashe kuɗi a kai ba ka yi asara ba shi ne tsibirin Chumbe, kudu maso yammacin Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. Wata Bajamushiya, Sibylle Riedmiller, ita ta faro aikin, a 1994 gwamnati ta killace ruwan wurin ba kamun kifi. Ɗakuna bakwai ne kacal, ruwan sama suke tarawa, wuta ta sola, bandaki ba ya zuba teku, masu gadin da yawansu tsoffin masunta ne, kuma kuɗin baƙi da shi ake kawo ƴan makarantar Zanzibar su ga murjani da idonsu. Akwai hasumiyar fitila ta 1904 da ɗan masallaci, da daddare kuma ƙaguwar kwakwa na fitowa, ƙatuwa ce mai hawa bishiya. Ana ƙayyade yawan masu shiga, sai ka kama wuri tun da wuri.

Sai dolfin, dabbar tekun nan mai kama da ƙaton kifi, a Kizimkazi can ƙarshen kudu, cikin yankin Menai da aka killace a 1997. Gaskiya wannan sai da na yi da na sanin zuwa yadda na je. Ƙarfe shida na safe muka fita, da aka hango su sai jirage suka yi kansu kamar ƴan acaɓa sun ga fasinja, kowa ya murɗa inji, a sha gabansu, a yi ta ihu shiga shiga, mutane su yi ta faɗawa ruwa tsulum tsulum, dabbobin su nutse su ɓullo can, a sake bi. Akwai wata da ɗanta a gefe, ina kallo tana ta kauce wa jirginmu. Ba kifi bane, shayarwa suke kuma sai sun ɗago sun shaƙi iska, safiyar nan lokacin hutunsu ne da shayar da ƴaƴa, kuma masu bincike a wurin sun nuna yawan jirage na rage musu hutun. Ba zan ce kada a je ba, don har cikin shekarun 1990 farautarsu ake a ƙauyen ana yin tarkon kifi da naman, kuɗin baƙi ne ya sa aka daina. Amma ka yi ciniki tun a tudu. Ka gaya wa mai jirgi ba ka son a bi su a guje, a tafi a hankali ta gefensu, kada a sha gabansu, in akwai mai ɗa a bar ta, in jirage sun yi yawa a ja baya a jira, kuma ka ce masa zaka biya cikakke har da ihsani ko ba a gansu ba. Wannan ta ƙarshen ita ce maganin, don tsoron kada ka ce a dawo maka da kuɗi shi ke sa shi gudu. Pole pole suke cewa, a hankali, ka yi ta maimaita masa. Daga nan ka wuce masallacin Kizimkazi Dimbani ka yi sallah, akwai rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabci, a bangon alƙibla mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107.

Kunkuru iri biyu zaka gani. Na tudu manya manya suna tsibirin Changuu da ake kira tsibirin kurkuku, guda huɗu aka fara kawowa daga Seychelles a 1919, kada ka hau bayansu ko ka ɗora yaro. Na teku kuma a Nungwi akwai tafkin Mnarani da mutanen ƙauyen suka kafa a 1993, suna karɓar waɗanda suka faɗa komar masunta su yi jinyarsu, duk watan Fabrairu a saki wasu. Amma wuraren iyo da kunkuru sun yi yawa yanzu, wasu kasuwa ce zalla, ka tambaya daga ina aka samo su kuma yaushe aka saki na ƙarshe, in amsar ba ta fito ba ka juya. In ka dace da mai yin ƙwai a yashi da dare, kashe tocila da filashin waya, ka tsaya ta bayanta nesa. Namansa kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka ci, haramun ne a dokarsu kuma yakan zo da guba, a Maris ɗin 2024 yara takwas da babba ɗaya suka rasu a tsibirin Panza na Pemba, ɗaya babban tsibirin Zanzibar, bayan sun ci.

Wani abu da ya burge ni, a Pemba akwai ɗan tsibiri Misali, sunan daga msala ne wato abin sallah, inda a da masunta ke jefa nakiya a ruwa su kwashi kifi, hukuma ta yi ta hani a banza, sai da aka shigo da limamai da malaman islamiyya suna karantar da cewa mutum halifa ne amana aka ba shi, sannan aka ga sauyi.

Abinci ba matsala, kusan ko'ina halal ne, ka je filin Forodhani na Stone Town da yamma inda ake sayar da abinci, ko kasuwar Darajani, ka sha miyarsu da suke kira urojo. In pweza zaka ci, wannan mai hannuwa takwas ɗin, ko manyan jatan lande, kada ka sayi ƙanana ko mai ƙwai a ciki, wasu ƙauyukan ma rufe wurin kamun pweza suke na wata uku don ya girma. Cikin gari a sa sutura ta mutunci, wannan mu ba sai an gaya mana ba.

Tsaraba. A bakin ruwa za a yi ta tallata maka manyan katantanwa masu sheƙi, da busasshen tauraron teku, da guntun murjani, wani lokacin har awarwaro na ƙoƙon kunkuru. Kada ka saya, yawancinsu da ransu aka ciro su don a sayar maka, na kunkurun ma dokar duniya ta hana ketare iyaka da shi, kwastan na iya riƙe ka. Ko wanda ka tsinta a yashi ka bar shi, ƙananan ƙaguwa na shiga ciki su yi gida. Ni wuri ne ya kusa ja na, don na gan shi zube na tuna ai kuɗin kakanninmu kenan, kuma ba ƙarya bane, tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Jamus sun yi ta loda wurin Zanzibar a jirgi suna kaiwa gaɓar Legas har ya yi yawa darajarsa ta faɗi. Na ɗau guda uku na sa a aljihu, da na tuna dattijuwar nan na mayar. Abin da na cika jaka da shi kanumfari ne da kirfa da masoro daga Darajani, da zannuwan kanga guda shida, da sabulun mwani da na saya hannun matan Paje, shi ne Hajiyarmu ta shinshina ta ce wannan ai ƙamshin lemun tsami yake, ina ciyawar take.